Gidanmu Ba Alama

Litinin, bayan la'asar

Malamin tarihi ya ba mu aiki yau. Kowa zai rubuto yadda unguwarsu ta kafu, kuma ya ce mu tambayi manya, kada mu ƙirƙira. 'Yan ajinmu na cikin gari suka yi ta dariya, wai nawa ya fi na kowa sauƙi: da daji ne, yanzu ma daji ne. Kullum sai na dawo gida amsa take zo mini.

Na sami Baba a bakin rijiya yana wanke cokalin gininsa. Ya ce, "Uwata, tarihin unguwar nan ai ga shi," ya buɗe mini tafin hannunsa, duk kanta. Ga abin da ya gaya mini, na tsara shi yadda ya kamata.

Lokacin da zaman haya ya gagare su a cikin gari, ina goye. Nan duk gonaki ne. Gidanmu ne na farko, ɗaki ɗaya, buhu ne ƙyaurensa. Umma ta ce ta daɗe tana kwana da taɓarya a gefenta saboda karnukan daji. Sai Mai Walda ya sayi filin da ke jikin namu. Bayansa Direba, bayan Direba Tela, haka har layi ya miƙe. Shago ya zo, injin niƙa ya zo, wuta ta zo daga baya can. Kusan duk gidajen Baba ne ya gina.

In sabon mutum ya zo, Baba yakan ɗaura igiya a kusurwar gidan ƙarshe, ya ja ta gaba, a haƙa tushe a bin igiyar. Kowa kuma sai ya ce, "Magini, ɗan turo mini ita waje taki ɗaya, in sami wurin dakali." Baba bai iya cewa a'a ba. Na gaba daga kusurwar wancan za a ɗaura masa, shi ma ya roƙi nasa takin. Baba ya ce shi ya sa layinmu yake tafiya a karkace kamar wanda ya sha ya bugu.

Umma ta ce, "Malam, wannan ba za ta kai shi makaranta ba."

Laraba, da azahar

Ina dawowa daga makaranta na tarar da wata farar mota a ƙarshen layi. Mutum biyu da wata na'ura mai ƙafa uku, ɗaya da gwangwanin jan fenti, sai wasu samari da sanduna da ba mu san su ba. Mai na'ura ya leƙa, ya ɗaga hannu, mai fenti ya zana babban gicciye a bango. Haka suka taho gida-gida.

Direba ya fito da ɗan tawul a wuya ya ce su nuna masa takarda. Tambaya kawai ya yi. Ɗaya daga cikin samarin ya buga masa sanda a baki. Na ji ƙarar. Ya durƙusa yana tofar da jini, da wani abu fari a cikin jinin. Matarsa ta fito da ihu, suka ture ta cikin kwata.

Sun yi wa gidan Mai Walda. Suka zo namu. Mai na'ura ya leƙa, ya sake leƙawa, ya girgiza kai, suka wuce. Ya roƙi ruwa, Baba ya ɗebo masa a rijiya, don Baba ko maciji ya roƙe shi ruwa zai ba shi.

Duk gidan da aka yi wa alama za a rushe shi. Haka suka faɗa suna shiga mota.

Alhamis, da safe

Gidanmu ba alama. Shi kaɗai a duk layin.

Juma'a, da yamma

Wasu sun ce titi za a yi. Wasu sun ce manyan turakun wuta. Tela ya rantse wani kamfani ne ya saye gefen gaba ɗaya. Ba wanda ya ga takarda. Abin da kowa ya yarda da shi dai, akwai wani fili da aka ce tun farko a bari, kuma layinmu ya ci cikinsa.

Doguwa, 'yar Mai Walda, tare muke tafiya makaranta tun muna aji ɗaya. Yau sai da muka kai bakin titi sannan ta ce mini, "Shiru-shiru, ku dai kun huta."

Na ce, "Ba mu huta ba."

Ta ce, "To ina taku alamar?"



Asabar, bayan magariba

An yi taro a gaban shagon Mai Walda. Mata ba su je ba. Yayana ne ya dawo yana huci, ya zauna a kan bulo ya kwashe mana komai.

An fara da maganar lauya, sai wani daga baya ya ce, "Wai wa ya ja igiyar nan ne?" Kowa ya juyo ya kalli Baba.

Baba ya ce wa Mai Walda, "Haba maƙwabci, ba kai ka fara cewa in turo maka ita ba? Har shayi ka saya mini ranar."

Mai Walda ya ce, "Ni walda na sani. Kai ne magini. In na ce ka gina mini ɗaki a cikin rijiya sai ka gina?"

Aka yi dariya, amma Yaya ya ce ba irin dariyar da aka saba ba ce. Tela ya ce shi bai taɓa roƙon taki ba, alhali dakalinsa ya fi na kowa faɗi, a kai ma yake ajiye kekensa. Daga nan wani ya ce ya ga Baba yana ba mai na'ura ruwa, sun daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Ba su daɗe ba. Ina wurin. Mutumin cewa ya yi ruwan da sanyi, Baba ya ce rijiyar da zurfi.

Baba ya shigo daga baya, ya ci abinci kamar ba komai, ya ce shinkafar ta yi gishiri. Umma ta ce yau ko gishirin ba ta tuna ta sa ba.

Talata, da rana

Farar motar ta dawo. Wannan karon samarin layinmu suna jiranta.

Ta tagar ɗakinmu na gani. Sun tare hanya da tayoyi da baro. Mai fenti ya yar da gwangwani ya ruga ta bayan gidanmu. Mai na'ura bai yi sa'a ba, sun kama shi, suka karya ƙafafun na'urar suka dake shi da su har ya daina kare kansa. Ɗan Mai Walda, yayan Doguwa, shi ya zuba wa motar fetur. Yayana ma yana cikinsu. Na ga rigarsa.

'Yan sanda sun zo da mota biyu. Hayaƙi mai sa hawaye ya shigo har ƙarƙashin gado. Umma ta jiƙa zane ta rufe mana fuska. Sai muka ji wani abu kamar ana buga kwano da guduma, sau da yawa. Na ɗauka shagon walda ne. Ba shagon walda ba ne.

Talata, bayan isha'i

Yayan Doguwa ya rasu. A wuya harsashi ya same shi. A kan ƙyauren da ya haɗa da hannunsa aka ɗauko shi.

Laraba

Ba makaranta. An hana fita daga azahar zuwa wayewar gari.

Juma'a, da hantsi

Tun da aka kafa layin nan a rijiyarmu mata suke ɗiban ruwa. Da safe tsakar gidanmu kamar kasuwa take, bokitai, gulma, yara na kuka. Tun shekaranjiya ba wadda ta shigo. Sun gwammace su je famfon bakin titi, mai nisa.

Yau Umma ta zura guga ta ji ya daki wani abu mai laushi. Kare ne. An yanka shi kafin a jefa.

Baba ya shiga da igiya a ƙugu ya fito da shi. Ya ce, "Yara ne." Yaya ya ce, "Baba, yara ne suke yanka kare?" Baba ya ce ya rufe masa baki ya kawo shebur.

Ina ta wanke hannuna, ko da yake ban taɓa komai ba.

Asabar, da la'asar

Duwatsu a kan kwano. Ba a ganin mai jifa. In an yi shiru sai ka ɗauka an gama, sai wani ya sauka. An rubuta wata kalma da gawayi a ƙyaurenmu. Na goge kafin Baba ya fito, ko da yake shi ba ya karatu.

Gidanmu ba alama.

Lahadi, da azahar

Umma ta roƙi Baba kada ya je ta'aziyya gidan Mai Walda. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Yaron nan a gabana ya girma, ni na yi wa ɗakin da yake kwana daɓe. In ban je na yi wa ubansa gaisuwa ba, ni wane iri ne?" Ya sa farar rigarsa ya fita. Taku kaɗan ne tsakaninmu da su.

Ba zan rubuta duka ba.

Bai kai ga tabarma ba. Wani ya ce, "Ga shi nan, ya zo ganin aikinsa." Rodi a shagon yake, tari guda. Baba ya ɗaga hannun dama ya kare kansa. Hannun da yake riƙe cokali da shi. Na ji daga tsakar gidanmu, kuma na gane muryarsa, ko da yake ban taɓa jin Baba ya yi irin wannan ƙarar ba.

Direba ne ya janyo shi, da bakinsa a kumbure, yana cewa, "Ya isa, za ku kashe shi." Wani ya amsa, "To sai me?"

Mai Walda yana zaune a kan tabarma. Bai ɗaga rodi ba. Bai ɗaga kai ba ma.

Rigar ba za ta wanku ba, Umma ta ce.

Litinin, da safe

Mai ɗori ya zo ta bayan gida. Wuri biyu ne ya karye. Baba ya ciji tsumma.

Yaya ya ɗauki adda. Umma ta kama shi da kokawa, mace mai ciwon baya, ta tura shi ɗakin ajiyar siminti ta sa kwaɗo. Ya yi ta dukan ƙofa yana cewa, "Umma, ki buɗe! Malama, ke buɗe mini!" Ni yake ce wa Malama. Na toshe kunnena. Da ya gaji, Kawu ya zo da babur ya tafi da shi cikin gari.

Kawu ya ce mu ma mu taho. Baba ya ce, "Ni na fara zuwa nan. In na gudu, sun yi gaskiya ke nan."

Umma ta ce, "Malam, gaskiyar za mu binne ko kai?"



Laraba, da yamma

Doguwa ta leƙo ta saman katanga, wurin da muke miƙa wa juna littafi. Idanunta sun kumbura. Ba ta gaishe ni ba.

Ta ce, "Abokan Yayanmu suna tara fetur a jarka. Sun ce tun da katafila ba za ta taɓa naku ba, su za su taɓa shi. Da shi a ciki."

Na ce, "Yaushe?"

Ta ce, "Ban sani ba. Kada ki ce ni na faɗa." Ta sauka.

Na gaya wa Umma, Umma ta gaya wa Baba. Ya ce a jawo masa tabarma kusa da ƙofa, ya sha iska.

Duk saboda bango ne. Bango fari, ba komai a jikinsa. Da a ce namu ma

Alhamis, da azahar

Ban je ko'ina ba yau. Na ɗan zagaya bayan gida ne kawai, wurin kwata, inda mai fentin nan ya yar da gwangwaninsa ranar da aka ƙona mota. Lokacin hana fita ne, layi ba kowa, ko akuya. Umma tana barci, Baba yana nishi.

Murfin ya yi tauri, sai da ƙusa.

Ai su ma'aikatan suna da takardarsu. Sun san wane gida ne a ciki, wane ne ba ya ciki. Da na'ura suke aiki, ba da ido ba. Na yi tunani sosai a kan wannan, ba da garaje na yi ba.

Ban yi komai ba. Zan yi wanki.

Juma'a, da safe

An wayi gari da alama a bangonmu.

Tela ne ya fara gani. Kafin a jima layi ya cika a ƙofarmu. Wani ya ce ma'aikatan sun dawo a ɓoye. Wani ya ce dama mantawa suka yi. Tela ya ce, "Ashe Magini ma bai tsira ba!" Yadda ya faɗa kamar an yi masa albishir.

Baba ya fito da hannu a rataye. Ya tsaya gaban bangon ya daɗe. Ya kalli ta gidan Mai Walda, ya dawo ya kalli tamu. Tasu tana sama da kan mutum. Tamu daidai kafaɗarsa.

Ya ce, "Wannan ma'aikacin ba shi da tsawo."

Mutane suka yi dariya, ta gaske wannan karon. Ni ina bayan ƙyaure, hannuwana cikin hijabi.

Asabar, da la'asar

Ba dutse ko ɗaya yau.

Matar Direba ta shigo da bokiti, ta ce, "Maƙwabciya, an yashe rijiyar kuwa?" Kamar jiya ta bar wurin. Umma ta ce an yashe. Bayanta mata biyu suka zo. Ba wadda ta tambayi hannun Baba, amma ɗaya ta ajiye man zafi a kan turmi ta tafi.

Doguwa ta ce an mayar da fetur ɗin cikin babura.

Na ci abinci har na ƙara. Sabulu ba ya fitar da jan abin nan daga ƙarƙashin farce. Na gwada toka, na gwada yashi.

Litinin, da yamma

Mai Walda ya tsaya a ƙofarmu. Bai shigo ba. Ya ce, "Magini, ya hannu?" Baba ya ce, "Da sauƙi. Ya haƙuri?" Ya ce, "Sai godiya." Daga nan kowa ya koma.

An ce jibi za su zo. Kowa yana cire kwano da tagogi. Umma ta fara ɗaure kaya. Na ce mata kada ta wahalar da kanta, wataƙila namu ba za a taɓa ba. Ta ce, "Ke kuma wa ya gaya miki?" Na ce ji na yi a jikina.

Suna da takarda. Dole suna da takarda.

Laraba, bayan la'asar

Ba su zo da na'ura ba. Ba su zo da takarda ba. Ba ma mutanen farko ba ne. Katafila ce, da motar 'yan sanda, da wani mai hular kwano da ke tafe a gaba yana kallon bango. In ya ga ja, ya nuna da sanda. Shi ke nan aikinsa.

Daga ƙarshen layi suka faro. Gida ba ya daɗewa. Ina tsammanin abu mai wuyar ginawa zai yi wuyar rushewa, ashe ba haka ba ne. Tela ya kwanta a kan dakalinsa ya ce sai dai a haɗa da shi, suka ja shi ta ƙafa, kansa na bugun matakala. Wata mata ta koma ɗauko tukunya, ɗan sanda ya zabga mata bulala a fuska. Ƙura ta rufe rana. Gidan Direba. Gidan su Doguwa, har da ɗakin yayanta da ba a buɗe ba tun ranar.

Duk mutanen layi suka taru a gaban namu, don nan kaɗai ya rage da inuwa. Abokan mamacin suna nan, jikinsu fari da ƙura, wasu da guntun rodi a hannu.

Mai hular kwano ya kalli bangonmu ya ɗaga sanda.

Ni da ban taɓa ɗaga hannu a aji ba, na fita da gudu. Na isa gabansa. Na buɗe baki. Abin da zan ce a shirye yake: wannan ba taku ba ce, ku duba takardarku, ku duba tsayinta. Da na faɗa, na san zai tsaya ya duba. Kuma duk layi zai ji.

Sai aka riƙe mini wuyan hannu. Baba ne, da hannun hagu. Ban san yana da ƙarfi haka a hagu ba.

Ya ce a hankali, "Yi shiru, Uwata."

Na ce, "Baba, ai namu ba ya—"

Ya ce, "Na sani. Yi shiru."

Mutumin ya ce, "Tsoho, akwai magana ne?"

Baba ya ce, "Babu, ranka ya daɗe. Yarinya ce, a nan ta girma. Ku dai bi a hankali ta wajen rijiya."

Bai sake ni ba har aka gama. Ɗakin farko ne ya fi ba katafilar wuya, sai da ta ja baya ta sake zuwa. Na ji wani a bayana ya ce, "Kai, Magini ya iya gini." Mai Walda ne. Yana kuka.

Alhamis, da hantsi

A fili muka kwana, mu da kowa, kowane gida a kan tarin nasa. Ba wanda ya taɓa mu. Da gari ya waye abokan mamacin ne ma suka taya Umma janyo gado daga ƙarƙashin kwano. Kawu zai zo da mota da rana. Umma ba ta san komai ba, tana ta tsine wa ma'aikata.

Baba ya zauna a kan bakin rijiya ya sa ni tsince bulon da bai fashe ba. Yana nunawa da ƙafa: wannan, bar wancan, wancan ya tsage. Ban iya kallonsa ba. Na ce, "Baba—"

Ya aike ni in ɗauko fitilar Umma. Ya ce in buɗe ta, in tsiyaya kaɗan a tsumma. Na ɗauka wani abu zai goge.

Ya ce, "Kawo hannunki. Da kananzir yake fita."

Da hagu ya yi, yatsa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ya juya wa mutane baya don kada su gani.